Sulobak ɗin Maza da Sulobak ɗin Mata

Dan Allah dan Annabi duk wanda ya karanta wannan ya rufa min asiri. Kar a ce ni ce. Ko kun gane ni ku yi kamar ba ku gane ba, in kun gan ni a layi na je niƙa kar ma ku yi min murmushi. In Yaya Ƙasimu ya ji, wallahi sai dai na bar Tarauni. Da wayar Inna nake rubutawa, ta shiga maƙwabta barka, kuma ni karatuna bai yi nisa ba, in kun ga kuskure ku tsallake kawai.

Yaya Ƙasimu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Irin mutanen nan ne da in ka ce jiya ka ga jirgi zai ce matuƙin abokinsa ne. Bara ya je Legas wajen Kawunmu a Agege, ya yi 'yan watanni yana tsare masa shagon albasa. Da ya dawo sai ga shi da wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya, wai a tashar jirgin ruwa ya yi aiki da Turawan wata ƙasa Sulobakiya, wai babbansu ne ya cire rigar ya ba shi yana kuka. Ni na wanke rigar. Ƙamshin gwanjo take yi.

To akwai Anti Safiyyah, 'yar Alhaji Murtala mai kyamis a Gyadi-Gyadi, tana karatun nas. Yaya ya daɗe yana zuwa zance wajenta, kuma Allah ya sani sonta yake da gaske, wannan kam ba ƙarya a ciki. Amma Alhaji ya ce kar ya turo magabata sai ya nuna masa abu ɗaya da ya iya. Ɗaya tak. Ya ce ko gyaran fanka ne.

Ana cikin haka sai magana ta bazu wajen asibitin koyarwa wai ana ɗibar nas-nas zuwa Sulobakiya. Ba wanda ya san wa ya fara faɗa, amma kowa ya ji daga bakin wani da ya ji. Turanci suna da shi, yaren can ne babu. Ana wannan hira a gaban kyamis ɗin Alhaji sai Yaya ya gyara zama a benci.

"Sulobak? Ai ni da shi nake mafarki."

Alhaji ya leƙo ta saman gilashinsa. "Kai?"

"Alhaji, da shi nake faɗa in raina ya ɓaci. Hausa ba ta isa ta."

"Za ka iya koyar da shi?"

"Kyauta ma. Fisabilillahi. Su kawo Turancinsu, ni in juye musu shi."

Alhaji ya ce to ga garejinsa nan, amma shi ba a cakuɗa masa maza da mata. Mata a gareji bayan la'asar, maza kuma Yaya ya nema musu wuri. In an gama za a yi walima a gaban jama'a, in abin ya yi kyau, a turo magabata.

Haka aka yi. Maza a zauren gidanmu a Tarauni da safiyar Asabar da Lahadi, mata a Gyadi-Gyadi. Inna ta ce ba ɗanta da zai zauna shi kaɗai a tsakiyar 'yan mata, sai in dinga raka shi. Na maza kuma ina ji daga bayan ƙofa ina shara. Shi ya sa duk duniya ni kaɗai na ji darasin biyun.

Farkon abin lafiya lau. Yaya zai kulle kansa a ɗaki da waya, wata mata a ciki tana faɗa yana maimaitawa. Ya fito ya tsaya gaban ɗalibai da rigar sanyinsa, yana jefo Turanci suna amsawa da Sulobak, daga sunan ruwa ake farawa.

"Wata!"

"Boda!"

"Bired!"

"Hileb!"

"Tankiyu!"

"Jakuyem!"

"Dokta, lekar. Ku buɗe baki, ba Fillanci ba ne."

Waɗannan na gaske ne, na ji matar wayar ta faɗa. Kafin sati ya zagayo 'yan adaidaita sahu na bakin titi sun sa masa Malam Jakuyem, shi kuma yana ɗaga musu hannu kamar kansila.

Matsalar ta fara ne ranar da ya zo kan ranakun sati. Ya tambayi wayar Tozde, wato Alhamis. Matar ta faɗi wani abu kamar an taka busasshiyar leda. Kalma ce ba wajen numfashi a cikinta ko kaɗan. Yaya ya gwada. Ya sake gwadawa. Muna tsakar gida muka ji "shht, shtbr, shtbrrt," sai tari. Inna ta yar da muciya ta banka ɗakin.

"Ƙasimu! Ƙayar kifi ce?"

"Inna karatu nake..."

Ba ta saurare shi ba, ta dinga dukan bayansa tana cewa in kawo lomar tuwo ya haɗiya. Da ƙyar ya ƙwace. Da Inna ta fita ya tambayi wayar askirim ko zai samu sauƙi, ta faɗi wanda ya fi na farko muni, har ya ciji harshe. Ya jefa wayar kan katifa.

"Mutanen nan ba su iya yarensu ba," ya ce. "Ni zan gyara musu."

Daga ranar ya daina tambayar waya. Duk abin da ya zo bakinsa shi ne Sulobak. Ya kafa doka: ba waya a aji, ba biro, ba takarda. Wai yaren in aka rubuta shi guduwa yake daga kai, sai hadda, baki da baki. Mutanen nan kuwa duk 'yan Islamiyya ne tun suna yara, wasu har sauka sun yi. Ka ce musu hadda? Ai kamar ka ce wa agwagwa ga kududdufi. Sau biyu zai faɗa, sun ɗauke, har da karin murya suke sa masa suna kaɗa kai.

A ajin maza akwai wani Malam Hamisu mai aikin ɗibar jini, shi ya fara kawo ƙorafi.

"Malam, jiya ka ce medisin burunko ne. Na tambayi wayata a gida ta ce liyek."

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. "Liyek! Wannan ai na gidan rediyo ne. Je ka ƙauyen Sulobakiya ka ce wa tsohuwa liyek ka ga in ba ta kira maka 'yan sanda ba. Ni na cikin gari nake ba ku, na asali, wanda ake cin abinci da shi."

"Allah ya ƙara sani Malam."

"Amin. A maimaita. Burunko!"

Zauren ya ɗauka. Ƙarti sun cika wuri suna ihun burunko burunko da sassafe. Maƙwabciyarmu Hajiya Huraira, tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, sai ga ta da kasko da hayaƙin habbatussauda, ta turo shi ta ƙofar zaure tana karanta ayatul kursiyyu.

"Ko su waye ku, ku fita! Gidan salla ne nan!"

"Hajiya mu ne, darasi ne!"

"Darasin uban wa? Na san muryar mutanen ɓoye!"

Sai da maza suka fito waje suna tari da hawaye. Inna ta yi ta ba ta haƙuri. Tun daga nan Hajiya kullum za ta ja kujera jikin katanga tana saurare, wai tana gadi.

Ni abin da ya fara tsorata ni, a gareji Yaya ya ce wa mata medisin lafoshka ne. Na ɗago kai na kalle shi. Ya harare ni. Na mayar da kai ƙasa. Injekshin a wajen maza damburski, a wajen mata cikiloba. Bulod, wato jini, maza an ba su gurnak, mata an ba su milanka. Ba da gangan yake yi ba. Mantawa yake. Kafin adaidaita ta kai mu Gyadi-Gyadi abin da ya faɗa a Tarauni ya zube a hanya. Sau nawa ina buɗe baki in gaya masa, in na tuna ranƙwashinsa sai in rufe.

Lokacin zafi ne sosai, irin wanda ko ƙadangare ba ya fitowa. Garejin Alhaji kwano ne, ga ba wuta. Yaya kuma ba ya cire rigar nan, wai malamin Sulobak ba ya koyarwa da 'yar shara. Rannan yana cikin bayanin yadda ake gaida likita sai ya yi layi, ya dafa bango, ya zame ƙasa. Kun san gareji cike da nas-nas. Suka yo kansa gaba ɗaya.

"Boda! A kawo boda!"

Aka sheƙa masa bokiti guda. Anti Safiyyah tana ƙoƙarin zuge rigar, shi kuma ido a rufe ya riƙe zif gam. Wata babba a cikinsu, Sista Naja'atu, ta taɓa wuyansa.

"Malam, a yi maka cikiloba?"

Yaya ya buɗe ido ɗaya ya ga Anti Safiyyah tana masa fifita. "Eh," ya ce a hankali, "a sa sikari da yawa."

Suka yi dariya wai Malam akwai barkwanci ko a halin ciwo. Sai da ya ga Sista Naja'atu ta dawo daga kyamis tana ɗaga allura sama tana ɗan matsa ta. Wallahi ban taɓa ganin marar lafiya ya warke haka ba. Takalminsa ni na kawo masa gida.

Abin da ba wanda ya lura, Sista Naja'atu matar Malam Hamisu ce. Tare suke shirin tafiya. Ranar wata Asabar ana tsakiyar darasi sai ga ta a ƙofar gidanmu, hijabi a karkace, ta ce a kira mata Malam da mijinta.

"Malam ka raba mu. Tun shekaranjiya ba a ci abinci da daɗi a gidana ba. Bulod, me ake cewa?"

"Gurnak," in ji Malam Hamisu.

"Milanka! Mutum yana ɗibar jini kullum bai san sunansa ba!"

"Ke za ki gaya min? Ni da nake zama a sahun gaba?"

"Ka zauna a cinyar Malam ma, milanka ne!"

Suka juyo suna kallon Yaya. Ni ina bayan ƙofa na rungume tsintsiya, na ce shi ke nan, yau asiri ya tonu. Yaya ya shafa gashin wuyan rigarsa, ya yi murmushi.

"Masha Allah. Na yi ta jira in ga wa zai fara ganowa. Ku duka kun yi daidai. A Sulobakiya yaren maza daban, na mata daban. Mutane ne masu kunya."

"Ikon Allah," in ji Malam Hamisu.

Sista Naja'atu ba ta saki ba. "To in mun je can, ni da shi da me za mu yi magana?"

"Da Hausa mana. Wa ya hana ku?"

"Majinyaci namiji fa, in ni ce a bakin aiki?"

"Akwai na tsakiya. Sai an yi aure ake koyar da shi."

"Ai mun yi."

"Ni ban yi ba," in ji Yaya, ya shige zaure.

Labari ya kai wa Alhaji. Sai ya ce a matso da walima, ya ƙagu ya ga wannan ilimi.

Ranar walima an kafa kanofi a ƙofar gidan Alhaji, an jera kujerun roba, maza dama mata hagu, ga zoɓo a kula ga cincin a leda. An ɗauko lasifika. Mutanen layi sun cika, ma'aikatan asibiti da suka tashi daga aiki sun tsaya da fararen kayansu. Daga Tarauni mun zo da Inna, Hajiya Huraira ma ta ce sai an sa ta a adaidaita, ba za a yi ba ita ba. Yaya ya sha sabon aski, ya ɗora rigar a kan shadda. Anti Safiyyah tana sahun gaba ta sha lalle, in ya kalle ta sai ta sunkuyar da kai.

Shi a shirinsa zai zauna a kujerar alƙali ne, ɗalibai su yi ta zuba yana gyaɗa kai. Har ƙararrawa aka aro daga Islamiyyar layin, irin ta musabaƙa, wadda ake kaɗawa in mai karatu ya yi kuskure. Ya miƙa hannu zai ɗauka sai Alhaji ya riga shi.

"A'a Malam. Ai a ƙa'ida malami ne ke buɗewa, ɗalibai su sha albarka. Ni zan jawo Turancin, kai ka juye."

Aka yi kabbara. Yaya ya karɓi abin magana yana murmushin yaƙe.

"Wata," in ji Alhaji.

"Boda."

Tafi.

"Tankiyu."

"Jakuyem."

'Yan adaidaita suka danna hon. Yaya ya ɗaga musu hannu, kafaɗa ta dawo.

"Medisin."

Gumi ya fara sauka ta cikin gashin rigar.

"Alhaji, na maza ko na mata?"

"Wanda ya sauwaƙa."

"Man... mandoshki."

Kun san mutanenmu, ko liman ne ya yi tuntuɓe a karatu ba a iya yin shiru, baki da kansa yake gyarawa. Dama ta ɗauka, "Burunko!" Hagu ta ɗauka, "Lafoshka!" Alhaji ya kaɗa ƙararrawa, ƙililin.

"Wannan na tsofaffi ne na faɗa," in ji Yaya.

"Madalla, ni tsoho ne. Injekshin."

Wannan ya tuna, don ya ga allurar da idonsa. "Cikiloba!"

"Na mata ke nan. Na maza fa?"

"Gur... gurnak."

"Jini ke nan Malam!" Malam Hamisu ya miƙe tsaye. "Damburski ne!"

Ƙililin.

"Ina gwada ku ne."

"To mun ci," in ji Sista Naja'atu. "Saura kai."

Alhaji ya ci gaba da jawowa, fiba, bed, hedek, bandeji, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Duk wadda Yaya ya faɗa, ɓangare biyu su yi masa caa, ƙararrawa ta biyo baya. Ya ce lasifikar ce ke canja masa murya. Aka kashe lasifika. Ya ce rana ta yi yawa, Sulobak yaren sanyi ne, narkewa yake. Aka kawo masa fanka mai caji. Da aka zo kan hedek ya yi tsaye baki buɗe, sai muka ji murya daga can bayan mata.

"Kolombash, ɗan nan! Kolombash! Ni da ke jikin katanga ma na riƙe!"

Hajiya Huraira ce, tana nuna shi da sandarta. Wuri ya fashe. Har masu zoɓo sai da suka ajiye kofi.

Nan Yaya ya ga ba sarki sai Allah, ya ce shi ba a yi masa kalma-kalma kamar ɗan firamare, a bar shi ya yi jawabi. Ya rufe ido ya fara zubawa da sauri, boda hileb jakuyem lekar, ya juya su ya sake juyawa, da suka ƙare sai ya shiga wani abu daban. Wata nas Bayarabiya da ke tsaye bakin kanofi ta amsa masa da Yarbanci cikin murna, ta ce ashe Malam ya zauna a Agege, ya ya mutanen kasuwar albasa?

Malam Hamisu ya cire hula ya riƙe a hannu. "Malam, tsakaninka da Allah. Wata nawa muna hadda. Matata ta kwana biyu ba ta yi min magana ba a kan milanka. Duk Gyadi-Gyadi da Tarauni yanzu kowa na jin yaren nan, kai kaɗai ne ba ka ji."

"Kuma ba ya fita," in ji Sista Naja'atu kamar za ta yi kuka. "Jiya a wajen aiki na ce wa likita a ƙara lafoshka."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na ƙura wa ledar cincin ɗina ido kamar ban taɓa ganin cincin ba.

Alhaji ya ajiye ƙararrawar a hankali, ya sa aka kunna lasifika.

"Ƙasimu, na ce ka nuna min abu ɗaya da ka iya. Ka nuna, duk unguwa ta shaida. Ka gaida min magabatanka, ka ce su huta, hanya ba kyau. Jama'a a sha zoɓo, an riga an haɗa."

Mutane suka fara watsewa suna dariya, yara na bin Yaya suna kolombash kolombash. Shi yana tsaye a wurin bai motsa ba. Sai Anti Safiyyah ta taso za ta shiga gida. Ta tsaya a gabansa, idonta ya yi ja. Ta kalle shi ta ce, "Tirimbosha, Malam." Ta shige, aka rufe get.

A adaidaita muna komawa ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa yadda Inna ba za ta ji ba.

"Ke, me ta ce?"

"Yaya ai kai ka koya musu."

"Na sani! Tambayarki nake in ga ko kina bi."

Na ce na manta. Ban manta ba. Shi da bakinsa ya ce wa mata gudbai iri biyu ce a Sulobak, akwai ta wanda za a gani gobe, akwai ta wanda an gama da shi har abada, har yana cewa kar su kuskura su faɗi ta biyun sai sun tabbata. Ta biyun ta faɗa.

Yau kwana da kwanaki kullum sai ya tare ni. Jiya ya sayo min awara, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in yi tunani da kyau, shi a jikinsa yana jin kamar "ka yi haƙuri ina nan" take nufi, don da ta faɗa muryarta ta yi laushi. Har ya kai shaddarsa guga. Ni ban san yadda zan yi ba, in na faɗa ranƙwashi, in na yi shiru gobe zai wanke ƙafa ya tafi Gyadi-Gyadi, kuma Alhaji ya sa an

wayyo ga shi nan na ji takalminsa a zaure yana kiran sunana, dan Allah kar ku ce